Mulki ne ke kashe jam'iyyun da suka hau da zagin manya? Muhawara kan Bulgeriya

Malamin Tarihi: Jama'a, ni dai ra'ayina, jam'iyyar da ta hau da zagin manya da alƙawarin gyara dare ɗaya, mulkin da ta samu shi ne ajalinta. Ku dubi Bulgeriya. Simeon ya zama sarki yana ɗan shekara 6, aka soke sarautar a 1946, ya yi ta zaman gudun hijira. A 2001 ya kafa jam'iyyar NDSV, ya ce a ba shi kwana 800 kowa zai gani a ƙasa. Ta kwashe kujerun majalisa 120 cikin 240 a zaɓen shekarar, shi kuma ya zama firayim minista. A 2005 suka koma 53, a 2009 ko ɗaya ba ta samu ba.

Maman Ummi: Malam, a yi masa adalci. A hannunsa ƙasar ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2004, a hannunsa aka ƙulla yarjejeniyar shiga Tarayyar Turai.

Malamin Tarihi: Hajiya, ɗan fanshon da ke ƙirga kuɗin ɗumama ɗaki ana tsakiyar hunturu ba NATO ya zaɓa ba. Ga kuma gidaje da dazuzzukan sarauta da aka mayar wa iyalinsa, abin ya ɓata wa mutane rai ƙwarai.

Baban Khalifa: Ban yarda ba, Malam. To Boyko Borisov fa? Tsohon mai tsaron lafiyar Simeon ɗin ne, shi ma da alƙawarin murƙushe ɓarayi ya fito. Jam'iyyarsa ta GERB ta ci zaɓen 2009, ya yi firayim minista har sau uku. Me ya sa mulki bai cinye ta ba? Don ta kafa rassa, ta kama kujerun magadan gari. NDSV kuwa suna ne kawai na mutum guda, an tattaro 'yan takara cikin gaggawa, da yawansu mutanen mazaɓarsu ba su san su ba.

Ɗan Autan Zaure: Baba ya yi gaskiya. Jam'iyyar mawaƙi Slavi Trifonov ta zo ta ɗaya a Yulin 2021, ta kasa kafa gwamnati, a Oktoban 2022 ko kashi 4 cikin ɗari na ƙuri'u da ake buƙata don shiga majalisa ba ta kai ba.

Malamin Tarihi: Ai tsakanin nan ta shiga gwamnatin haɗaka ta fice, ɗana, ta ɗanɗana mulkin. Kai kuma Baban Khalifa, GERB ɗin da ta shekara goma tana raba muƙamai, har dubban mutane suka fito titunan Sofiya, babban birnin ƙasar, a 2020 suna neman ta sauka, ita ce ta zama manyan da ta hau da zaginsu. Sunanta ne ya rayu.

Baban Khalifa: Har gobe ana dangwala mata ƙuri'a, Malam. Wannan ba gawa ba ce.