Na'urar awon jini a gida da batun gishiri: kowa ya faɗi yadda ya yi

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan da likita ya ce mahaifiyarmu na da hawan jini. Ya haɗa mu da wata takarda ta hukumar lafiya, shafi biyu, mai cewa a rage gishiri, a riƙa auna jini a gida ana rubutawa. Muka sayi na'ura. Abin da ya ɗaure mini kai, da safe sai ta nuna 158/96, bayan minti goma ta koma 139/84. Mama ta ce ita ba ta yarda da abin da ke sauya magana ba, har ta fara ƙin miƙo hannu. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya ba mu labari.

Malamin makaranta mai ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata tara da wannan lalura, kuma a shekarar farko ni ma na zargi na'urar. Ashe laifina ne. Da na dawo daga waje, ko takalmi ban cire ba, sai in ɗaura a kan hannun riga ina hira da yara. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ni ta nuna mini. A fara yin fitsari. A zauna a kujera minti 5 shiru, baya a jingine, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ɗamarar a kan fata. Rabin sa'a kafin nan ba kofi, ba taba, ba aikin ƙarfi. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe kafin shan magani da kuma dare, har kwana 7. Na ranar farko ma ba a cika lissafawa da shi ba.

Ki gaya wa Hajiya na'urar ba ƙarya take yi ba. Jini ne ke hawa da sauka a yini, shi ya sa likita ke duba matsakaicin mako guda. A asibiti daga 140/90 ake kiransa hawan jini, a gida kuwa daga 135/85.

Direban babbar mota:
Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara. Ni mai jiki ne, ɗamarar da ta zo da na'urata ta yi mini kaɗan, kullum lambar a sama, hankalina a tashe. Da na samu babba sai ta sauko. Kuma ranar ganin likita ki tafi da na'urar a gwada ta da tasu.

Uwar 'ya'ya biyar:
Ni wajen gishiri na sha wuya. Takardar da aka ba maigidana ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar. Ita dai hukumar ta ce abin da mutane ke ci a duniya ya ninka haka. Na rage wanda nake zubawa a tukunya na ɗauka shi ke nan. Wata biyu jininsa bai motsa ba. Sai babbar 'yata ta fara juya gwangwanaye da ledoji tana karanta bayansu. Kifin gwangwani, burodi, biskit, sinadarin ɗanɗano, taliyar nan mai zuwa da garin miyarta, duk gishiri ne a ciki. Kuma yawanci ba su rubuta gishiri, sodiyam suke rubutawa. Sai ka ninka sau biyu da rabi: miligiram 400 na sodiyam, giram ɗaya ke nan na gishiri. A Ingila har launi suke sa wa a gaban kwali, abin da ya wuce giram 1.5 a cikin giram 100 ja ne. Da ma ko'ina haka ake yi, da an hutar da mu lissafi.

Sati biyun farko gidan nan ba wanda bai yi mita ba, wai abinci salam. Na ƙara albasa, tafarnuwa da lemun tsami. Kafin wata biyu harshe ya saba. Yanzu in ya ci a waje shi ke dawowa yana cewa sun cika gishiri.

Dattijuwa, jikarta ke rubuta mata:
Ina gaishe ku. Ni abin da ya dame ni daban ne, ban yi karatun boko ba. Aka ba ni takardar, na naɗe ta na sa ƙarƙashin filo. In na auna sai na jira yaran sun dawo makaranta su duba mini, wani lokaci lambar ta riga ta ɓace. Ran nan na zana abin da na gani a bayan kwalin magani, ashe na juya 6 ta zama 9. Jikata ta firgita, muka kwashi jiki sai asibiti a banza. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da shekara 58 na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma. Na ce wa malamarmu ni lamba na zo koya. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce in zo da na'urar, ta ja mini layi uku a littafi: rana, lambar sama, lambar ƙasa. Mata huɗu a ajin suka ce su ma a auna su, biyu aka tura asibiti, ba su taɓa sanin suna da shi ba. Yanzu da hannuna nake cike littafin. Rubutu mai tsawo ne bai zauna ba tukuna, shi ya sa yarinyar ke taya ni. Ranar da likita ya buɗe littafin ya tambayi wa ya rubuta, na ce ni ce.

'Yata, ki bar Hajiya ta riƙa danna maɓallin da kanta, ita ta karanta lambar. Wanda ake yi wa abu kullum gajiya yake.

Wani ɗan'uwa:
Ni gargaɗi ne. Yayana ya ga lambarsa ta yi kyau wata guda, ya ajiye magani bai gaya wa kowa ba. Maganin ne ya saukar da ita. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, har yau hannun hagu bai dawo daidai ba. In kun ga 180/120, ga ciwon ƙirji ko harshe ya karye ko gani ya dushe, kada a tsaya sake awo, a nufi asibiti. Sannan gishirin nan da ake sayarwa mai sinadarin fotasiyam a madadin na kullum, mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai ya tambayi likita.

Mai buɗe zance:
Allah ya saka da alheri, ya ba yayanku lafiya. Baba, na gane kuskurenmu: a bakin gado muke auna ta, ƙafa na reto, tana ba ni labari. Jiya na sa mata kujera da tebur. Na bi shawarar Inna na miƙa mata na'urar, ta danna da kanta, ta karanta 141/86, na biyun 137/84. Ta ce in nemo mata littafi mai layi. Mako mai zuwa za mu kai wa likita na kwana bakwai, in mun dawo zan sanar da ku in sha Allah.