Sabon ma'aikaci na neman ɗaki kusa da izin (masana'anta) a Maraɗi

Ibro: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ne ƙanen Malam Habu. Na samu aiki a wata izin da ke matsar man gyaɗa can wajen masana'antu, Litinin zan fara. Daga Tasawa na zo, ban san Maraɗi ba, yanzu a shagon wani ɗan garinmu nake kwana. Ɗaki ɗaya nake nema mai sauƙin haya, inda albashi ba zai ƙare a kabu-kabu ba. Wace unguwa kuke gani?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. A taimaka masa don Allah, yaro ne mai natsuwa.

Maman Zali: Barka da zuwa ɗana. Ko ina ka samu, kafin ka miƙa kuɗi ka duƙa ka dubi gindin bango. In ka ga shatar ruwa, ko sabon yaɓe daidai gwiwa, yi gaba abinka. Ruwan ƙarshen Agustan 2024 bai bar mu da mantuwa ba.

Ibro: To Inna, na gode.

Ɗan Tibiri: Ka taho Tibiri ka huta. Haya da araha, ga iska, ga mutunci.

Sale Mai Walda: Iska zai ci? Abin da ya rage a haya mai babur zai karɓe safe da yamma.

Lawali: Ibro ƙanena, batun ɗaki mai sauƙi ne, ni wata tambaya zan yi maka. An ba ka takarda? Kada ka ce mini shef ya ce ka zo Litinin, wannan ba takarda ba ce. Ni haka na shiga wata izin, da baki kawai. Wata goma sha ɗaya ina ɗaukar buhu ina zuba wa inji, ƙarshen wata a ƙirgo mini kuɗi a hannu, ba takardar albashi, ba lambar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Ban damu ba, tunda kuɗi na shiga aljihu. Ranar da bel ɗin inji ya kama mini yatsu biyu, su suka kai ni asibiti, gaskiya sun biya ɗinkin farko. Daga nan shiru. Sati shida ina gida, matata ce ke sayar da awara muna ci. Da na koma sai na tarar da wani a wurina. Na je wajen masu duba harkar ƙwadago, mutumin ya saurare ni da kyau, ya ce ina shaidar cewa ka yi aiki can? Ba ni da komai sai tabon hannu. Abokan aikin da suka ga abin da idonsu, kowa ya ji tsoron tuwonsa, kuma ban ga laifinsu ba. Har yau in sanyi ya shigo yatsun nan ba sa lanƙwasuwa. Don haka ranar farko ka tambaya da ladabi: yaushe za a sa hannu, kuma za a rubuta ni a CNSS? In sun ce sai an gwada ka, ba laifi, amma a rubuta wata nawa ne gwajin. Duk takardar da ta shigo hannunka ka ɗauki hotonta a waya.

Maman Zali: Allah sarki Lawali. Allah ya musanya maka da alheri.

Malam Habu: Amin. Ibro ka ji dai.

Ibro: Na ji Yaya. Wallahi ba a ba ni komai ba, cewa aka yi in zo kawai.

Mushe Issa: Ƙarin bayani: mafi ƙarancin albashi a doka jika 42 na sefa ne a wata tun Janairun 2024. Ka riƙe wannan a kai. Kuma ka tambayi tsofaffin wurin ko aikin na shekara ne ko na kaka. Inda ake matsar gyaɗa, in kaya suka yi ƙaranci wajen bazara akan rage mutane, sabbi ake fara sallama.

Sale Mai Walda: Ko wuta ta tsaya. Ku tuna 2023 da aka yanke layin Najeriya, mu masu walda zaman shayi muka koma.

Ɗan Tibiri: Kai ko da wuta zaman shayi kake, Sale. Ƙofar da na ba ka tun kafin azumi tana ina?

Sale Mai Walda: Cika kuɗin ƙarfe ka ga ƙofa.

Ɗan Tibiri: Na ba ka rabi a gaban Malam Habu!

Malam Habu: Ku fitar da ni cikin wannan.

Baba Alhaji: Maganar Maman Zali kar a wuce ta. Garin nan da can ƙasa yake bakin Gulbi, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hau tudu. Ruwa bai manta hanyarsa ba. Yaro, nemi tudu ko da ɗakin ƙarami ne. Kuma kar ka biya wata shida gaba ɗaya, ba ka san ko za ka daɗe a aikin ba.

Hadiza Mai Abinci: Ka tambaya ko gidan akwai famfo, in babu ka sa kuɗin 'yan ga-ruwa cikin lissafi. Mita ma, in ta haɗaka ce a yi magana tun farko yadda ake raba kuɗin wuta, nan ne faɗa ke tashi. Abincin rana kuma ina nan bakin hanya da shinkafa da wake, ana rubutawa a biya ƙarshen wata.

Sale Mai Walda: Hajiya har an fara talla.

Hadiza Mai Abinci: Kai dai kawo na watan jiya.

Ibro: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Unguwar dai har yanzu ban ji ba, Ali Ɗan Tsoho ko Zariya?

Mushe Issa: Zariya ta yi maka tsada a yanzu.

Lawali: Bar ɗakin tukuna, shagon bai kore ka ba. Ka same ni bayan la'asar gobe a fadar Sale, in nuna maka irin takardar da ake sa wa hannu, ta inda nake aiki yanzu tana wurina.