Sarki ne ke mulki a Birtaniya ko firaminista? Na faɗi wannan tambaya a gwaji

Ɗaliba Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai tun ranar Talata. An dawo mana da takardun gwajin darasin gwamnati, na samu 11 cikin 20, kuma huɗu daga cikin makin da na rasa a tambaya ɗaya suka tafi. Tambayar ita ce: wane ne shugaban ƙasa a Birtaniya, wane ne kuma shugaban gwamnati? Ni dai firaminista na rubuta a duka biyun, don a ganina wanda ke yanke hukunci ai shi ne shugaba. Malam ya zagaye amsar da jan biro, ya rubuta "Sarkin fa?" a gefe, bai ƙara ko harafi ba. Na so in bi shi bayan darasi in tambaya, kunya ta hana ni, don kamar kowa a ajin ya gane sai ni.

Na koma littafi. An jera bambance-bambance har goma tsakanin tsarin firaminista da tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko, wannan a hagu wancan a dama. Na haddace su tsaf, amma da an ɗan juya tambayar sai kaina ya ɗaure. In sarki ne shugaban ƙasa, me ya hana shi mulki? In kuma firaminista ne mai mulki, ta yaya aka yi firaminista uku a 2022 alhali ba a yi babban zaɓe ba? Ga Indiya da Faransa, kowace tana da shugaban ƙasa da firaminista, amma a labaran Indiya firaminista kullum ake ambata, a na Faransa kuwa shugaban ƙasa. Sai kuma shekarun nan, 1215, 1689, 1787. Dole ne sai na haddace su, ko malamai ne kawai ke son wahalar da mu?

Tsohon Malami:

Wa alaikumus salam, 'yata. Da farko ki daina cewa kowa ya gane sai ke. Na daɗe ina riƙe da alli, na san irin shirun nan na aji. Rabin masu gyaɗa kai hadda ce kawai a kansu.

Ki ajiye jerin goman nan tukuna. Duk ƙasar da aka kawo miki, ki yi mata tambaya guda: mai tafiyar da gwamnati, wa ya ɗora shi, wa kuma zai iya sauke shi? Sauran bambance-bambancen duk 'ya'yan wannan ne.

A Birtaniya, mai zaɓe ba ya ganin gurbin firaminista a takardar ƙuri'a. Ɗan majalisar mazaɓarsa kawai yake zaɓa, kujeru 650 ne a majalisar wakilai. Wanda mafi yawan 'yan majalisar nan ke bayansa, shi sarki zai kira ya ce ya kafa gwamnati. Ke nan majalisa ce ta ɗora shi, kuma ranar da ta janye kafaɗa, ya faɗo. Abin da ya faru a 2022 ke nan. Ministocin Boris Johnson suka yi ta ajiye aiki har ya ga ba sarki sai Allah, ya sauka. Jam'iyyarsu ta zaɓi Liz Truss, ta yi kwana 49, ita ma 'yan jam'iyyarta suka juya mata baya, Rishi Sunak ya hau. Ba a koma wa talakawa ba domin majalisar da suka zaɓa a 2019 tana nan, jam'iyya mai rinjaye ba ta canza ba, shugabanta kawai ta canza. Wani lokaci ma a zauren majalisa ake yin ta ƙiri-ƙiri. A watan Maris na 1979 an kaɗa wa gwamnatin James Callaghan ƙuri'ar yanke ƙauna, 311 da 310. Ƙuri'a ɗaya tal ta jawo sabon zaɓe, wanda Margaret Thatcher ta ci. Ki lura, ba wanda ya ce Callaghan ya yi sata ko ya karya doka. Ba a buƙatar laifi, "ba ma yi da kai" ya isa.

Amurka kuwa zaɓen shugaban ƙasa daban, na majalisa daban. Wa'adinsa shekara huɗu ne a rubuce, ko da 'yan adawa sun cika majalisun biyu maƙil. Ba za su sauke shi don sun gaji da shi ba, sai dai tsigewa, ita kuma tuhuma ce ta laifi. Majalisar wakilai ta tuhume shi, majalisar dattawa ta zauna kamar kotu, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, sanatoci 35 suka ce ya yi laifi, 19 suka ce a'a, ya sha da ƙuri'a ɗaya. An tuhumi Bill Clinton, an tuhumi Donald Trump har sau biyu, ba wanda aka cire. Richard Nixon da ya ga ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada, da kansa ya yi murabus a 1974. Kin ga ƙuri'a ɗaya a can ta kayar da gwamnati, a nan mafi rinjayen sanatoci ma sun kasa cire mutum guda. Daga nan ne sauran jerin naki suka fito. Ministan Birtaniya ɗan majalisa ne, yana zaune a cikinta ana yi masa tambayoyi ido da ido. A Amurka in aka ba sanata minista, sai ya bar kujerarsa tukuna.

To, sarki fa? A nan ne shekarun da kike ƙorafi a kansu za su yi miki rana. Da can sarkin Ingila shi ne wuƙa shi ne nama. A 1215 manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da takardar Magna Carta, wadda ta nuna cewa shi ma akwai iyakar da doka ta yi masa. A 1649, bayan yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, aka fille wa Charles na Ɗaya kai. A 1689 aka kafa doka cewa sarki ba zai sa haraji ko ya dakatar da doka ba sai da yardar majalisa. Rabon da mai sarautar Birtaniya ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Ba rana ɗaya aka ƙwace ikon ba, a hankali aka yi ta zare shi, aka bar wa sarki kujera da suna. Har yau da sunansa ake naɗa firaminista, shi ke buɗe majalisa, shi ke karɓar jakadu, amma jawabin da yake karantawa ranar buɗe majalisa gwamnati ce ke rubuta masa. Shi ne shugaban ƙasa, firaminista shugaban gwamnati. Amurkawa da suka zauna rubuta kundin tsarin mulkinsu a Philadelphia a 1787, ba su daɗe da rabuwa da sarki ba, sai suka haɗa muƙaman biyu a kan mutum ɗaya da za a zaɓa, suka kuma raba shi da majalisa don kowa ya riƙa taka wa ɗan'uwansa birki.

Ni ban taɓa cewa ɗalibi ya haddace shekara tsurarta ba. In kin san wanne ya riga wanne, da abin da ya jawo shi, lambar da kanta za ta zauna. Amma kada in yaudare ki, mai duba jarrabawa yana son ya ga lambar.

Ɗan Aji Shida:

'Yar'uwa, ni ga dabarar da na yi amfani da ita kuma ta fisshe ni: duk ƙasar da ke da sarki, tsarin firaminista take bi. Duk wadda ke da shugaban ƙasa, tsarin shugaba mai cikakken iko. Shi ke nan, ba sai kin sha dogon bayani ba. Allah ya ba da sa'a.

Mai Karatun Lauya:

Ƙanena, sa'a ka ci ba a tambaye ka Indiya ba. Dabararka za ta jefa ta rami. Indiya jamhuriya ce tun 1950, ba sarki, tana da shugaban ƙasa, amma tsarin firaminista take bi sak. 'Yan majalisun tarayya da na jihohi ne ke zaɓen shugaban ƙasar, aikinsa kusan irin na sarkin Birtaniya ne. Firaminista ke riƙe da gwamnati, majalisa kuma ke riƙe da shi. A 1999 gwamnatin Vajpayee ta faɗi da ƙuri'a ɗaya, kamar dai ta Callaghan da Baba Malam ya ambata. Jamus ma haka, akwai shugaban ƙasa, amma mutane da yawa a waje ko sunansa ba su sani ba, shugaban gwamnati suka sani. Ta ɗaya ɓangaren ma dabarar ba ta tsaya ba, Saudiyya tana da sarki, kuma ba wata majalisa da za ta sauke gwamnatinsa.

Wanda ya fi kama ɗalibai shi ne Afirka ta Kudu. Sunan muƙamin shugaban ƙasa, ba su da firaminista, amma ba talakawa ke zaɓensa kai tsaye ba. Majalisar dokoki mai kujeru 400 ce ke zaɓensa, kuma tana iya kayar da shi da ƙuri'ar yanke ƙauna. Jacob Zuma ya yi murabus a watan Fabrairu na 2018 ne ana gab da kaɗa masa irin wannan ƙuri'a, da goyon bayan jam'iyyarsa. Suna na shugaba, igiya a hannun majalisa.

Faransa ita ce ta ƙi shiga kowane akwati, shi ya sa ake kiran nata tsari gauraye. Janar Charles de Gaulle, tsohon shugabansu, ya zo da shi a 1958, bayan an gaji da gwamnatocin da ke faɗuwa duk bayan 'yan watanni. Jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa, shi ke naɗa firaminista, amma majalisa na iya kayar da firaministan. A watan Disamba na 2024 ta kayar da Michel Barnier bayan wata uku kacal, shugaban ƙasa Macron kuwa ya ci gaba da zama daram. In jam'iyyar shugaba ta rasa majalisa, dole ya zauna da firaministan da ba nasa ba, kamar yadda Mitterrand ya yi da Chirac daga 1986 zuwa 1988. Gida ɗaya, magidanta biyu, kowa na kallon ɗan'uwansa a kaikaice.

Ɗaliba Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Malam, na ɗauki takarda na gwada tambayarka a kan ƙasashe biyar, huɗu sun fito daidai, Afirka ta Kudu ce da na faɗi in ba don Yaya ya riga ya faɗa ba. Yanzu na ga ashe ba amsata ce wauta ba, tambaya biyu aka yi min na amsa ɗaya sau biyu. Amma akwai wata da nake jin za ta fito a babbar jarrabawa, don Malam yana yawan maimaita ta: wanne tsari ya fi? Ni na fi karkata ga na firaminista, tunda in mutum ya gaza ba sai an jira shekara huɗu ba. Ko na yi kuskure?

Tsohon Malami:

Ba ki yi kuskure ba, 'yata, sai dai kin kalli fuska ɗaya. Sauƙin saukewar da ya burge ki shi ne ya sa Italiya ta yi gwamnatoci sama da sittin tun bayan yaƙin duniya na biyu. Jamusawa sun ɗanɗana irin wannan kafin zuwan Hitler, shi ya sa a kundinsu na 1949 suka sa sharaɗi: majalisa ba za ta kayar da shugaban gwamnati ba sai ta zaɓi magajinsa a ƙuri'a guda. Sau ɗaya hakan ya taɓa yin nasara, a 1982, da Helmut Kohl ya maye gurbin Helmut Schmidt. Tsarin Amurka kuma nasa ciwon shi ne cijewa. In shugaba da majalisa suka ja daga, ba mai iya korar wani, sai aiki ya tsaya. Daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 wani sashe na gwamnatin tarayya ya yi kwana 35 a rufe saboda an kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi, ma'aikata na zuwa aiki ba albashi.

In tambayar ta fito, kada ki rubuta "wannan ya fi" ki ajiye biro. Ki zaɓi ɗaya, ki kawo misali mai shekara, ki kuma faɗi aibinsa da bakinki kafin mai dubawa ya faɗa miki. Ni dai da ina dubawa, wannan nake ba maki.

Ga aikin gida. Najeriya ta gwada duka biyun. A 1963 Nnamdi Azikiwe ne shugaban ƙasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa firaminista. A 1979 Shehu Shagari ya hau ba firaminista. Ki yi wa kowanne tambayar nan tamu, ki rubuta amsa a rabin shafi, ki kai wa malaminku mai jan biro. In ya sake rubuta kalma biyu a gefe, wannan karon ki tsaya a gaban teburinsa har sai ya yi bayani.