Sauro da caɓi sun addabi kajina, ya kuke yi da damina?

Daga Rikkos: Salamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Kaji 14 gare ni a bayan gida. Tun da ruwan Agusta ya kankama, gaban akurkin ya koma fadama, ƙwai ma da taɓo nake kwasowa. Da magariba kuwa sauro sai ka ce gayyato su aka yi, a Jos ɗin nan da muke taƙama da sanyi! Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka mini.

Daga Anguwar Rogo: Wa alaikumus salam Hajiya. Ranar da ake ruwa ki ɗauki lema ki je ki tsaya, ki ga inda ruwan kwanon akurkin yake sauka. Ni damina biyu ina zuba yashi yana nutsewa, ashe a bakin ƙofa ruwan rufin yake zuba. Na sa indararo ya kai shi cikin duro, na ɗaure bakin duron da tsohon gidan sauro. Daga nan na cike wurin da jar ƙasa, na daddaɓe, na ba shi gangare zuwa kwata, tsakuwa a kai, yashi a sama. Yanzu ko kwana aka yi ana ruwa, kafin azahar ya tsane.

Daga Bukuru: Ni dai kada ki yi irin gangancina. Buhunan dusar katako na sayo a kasuwar Katako na baza a fili. Kwana biyu wurin ya yi kyau, daga baya ta jiƙe ta ruɓe, wari har maƙwabta. 'Yan tsakina suka kama zawon jini, huɗu suka mutu. Likitan dabbobi ya ce jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke rura cutar. Dusa a cikin ɗaki kawai take da amfani, inda ruwa ba ya taɓa ta.

Daga Farin Gada: Wani ya ce mini in ɗiga baƙin mai a kan ruwan da ya kwanta. Ban yi ba, kaji komai suka gani sha suke yi.

Daga Naraguta: Kin yi daidai Yaya. Hajiya, batun sauron nan ba cizo kaɗai ba ne. Bara zakarana ya fito da ƙuraje a zanko da gefen ido, suka yi ɓawo baƙi, cikin sati biyu cutar ta zaga rabin kajin. Sauro na ɗaukar cutar daga wannan kaza ya kai wa waccan. Akwai rigakafinta, a fatar fiffike ake tsira allurar, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ma tana haɗa shi. Na kuma buga raga mai ƙananan ido a tagogi, ban toshe su da leda ba don iska ta riƙa shiga. Hayaƙin ganyen darbejiya na gwada, awa ɗaya sun dawo, kaji kuma suna ta atishawa. Ki duba gwangwani, fasasshen bokiti da tsohuwar taya, tsutsar sauro kwana 7 zuwa 10 ta ishe ta ta tashi.

Daga Rikkos: Allah ya saka da alheri. Malam na Naraguta, kamar ka leƙo gidana: tayoyi uku da maigida ya danne kwanon akurkin da su, cike da ruwa, tsutsotsi na ta wutsil-wutsil. Na sa yara sun huda su. Baba na Anguwar Rogo, baro nawa na tsakuwa ka zuba? Wurina bai fi taku shida ba.