Tantin mutum ɗaya mara nauyi: abin da aka tsayar

Jama'a, na tattaro maganganun da aka yi ne kan wane tantin mutum ɗaya mara nauyi ya fi dacewa a saya, don wanda zai saya ya huta.

1. Nauyi: kusan kowa ya yarda in dai a bayanka zaka goya shi kana taka sayyada, kar ya wuce kilo 1 sosai, kuma a auna har da turaku da igiyoyi.

2. Yadi: nan aka rabu. Masu son yadin da ake kira Dyneema, irin na tantin Zpacks Plex Solo, sun ce ba ya shan ruwa ga shi sakayau, wasu suka ce tsadar tayi yawa wallahi kuma baya naɗuwa ƙarami. Nailan yana da ƙarfi amma in ya jiƙe sai ya saki, dole ka fito cikin dare ka ƙara ɗaure shi, shi yasa da yawa suka koma foliyesta kamar Durston X-Mid 1.

3. Tanti mai shafi ɗaya, wato bangonsa yadi ɗaya ne, yafi rashin nauyi amma numfashinka kan zama raɓa a ciki, da asuba jakar barci ta jiƙe. Mai shafi biyu yana rage wannan, ni dai nan na karkata.

4. In kana tafiya da sandar hawan dutse, ɗauki wanda ake kafawa da ita. A kan fako ko dutse inda turke baya shiga kuwa, gara mai tsayawa da kansa irin Big Agnes Copper Spur.

5. Ga wanda kuɗinsa ba yawa, Lanshan 1 aka fi ambata, sai dai a duba ɗinkin ko an toshe shi don kar ruwa ya shiga.

Dogaye kuma don Allah ku duba tsawon cikin kafin ku biya, kuma ragar sauro dole ce.