Kansila zai iya bin sawun kuɗin ƙaramar hukuma? Muhawarar gurup ɗin angwarmu a Jos

Admin: Salam jama'a. Ƙaninmu da yake son fitowa takarar kansila a mazaɓarmu ya turo bayaninshi jiya da dare. Yace shi ba zai raba shinkafa ko atamfa ba, abu biyu ya ɗauka, na farko duk wata zai liƙa takardar kuɗin da ya shigo ma ƙaramar hukuma da inda aka kashe, na biyu kwata da bola. Kawu yace wannan alkawari ne da ba zai ciku ba don kansila bashi da iko akan kuɗi. Toh ga fili ga mai doki, amma dan Allah banda zagi, banda jawo addini ko ƙabila, kun san garinmu.

Kawu Ɗan Fansho: Eh ni na faɗa kuma zan maimaita. Yaron nan ɗana ne, a gabana ya tashi, ba ƙinshi nake ba. Amma na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya, nasan yadda kuɗin nan yake tafiya. Duk wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya, gwamnatin tarayya ta ɗau kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A zamaninmu wannan kason ba ya sauka hannun ciyaman kai tsaye, sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya ambata, a can za a cire albashin malaman firamare a cire fansho a cire kason masarautu, abinda ya rage in an biya ma'aikata sai ka ga saura kaɗan. Kansila baya sa hannu a cek, baya bada kwangila. Da me zai bi sawun kuɗin?

Ɗan Takara: Kawu Allah ya ƙara girma, duk abinda ka faɗa akan yadda ake rabo haka yake. Amma ban taɓa cewa zan sa hannu a cek ba. Kansiloli sune majalisar dokokin ƙaramar hukuma, kasafin kuɗin shekara gabansu ake kawo shi su amince, suna da damar kiran shugabannin sassa su yi musu tambaya. In kansila ya ɗaga hannu ya amince da kasafin da bai karanta ba laifinshi ne, ba rashin iko bane. Kuma adadin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga Abuja ba sirri bane, ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna fitar dashi, na Jos ta Arewa yana ciki, duk mai data zai iya gani. Ni dai zan buga shi a takarda da Hausa in liƙa a ƙofar makarantar firamare da bakin kasuwa don wanda baya shiga intanet.

Kawu Ɗan Fansho: Abinda ya shigo zaka gani. Abinda ya fita fa? Nan gizo ke saƙa ɗana.

Malama: Kawu ayi min afuwa zan sa baki. Abin ya ɗan canza daga lokacinku. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, tace a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo da gwamna ke naɗawa ya saɓa ma tsarin mulki. Nasan ana ta jan ƙafa wajen aiwatarwa a jihohi da yawa, amma ai shine ma dalilin da yasa muke buƙatar kansila mai tambaya. Ranar da kuɗin ya fara sauka gaba ɗaya hannun ciyaman in majalisar cike take da ƴan amshin shata to wlh mun canza ma matsalar adireshi ne kawai. Ga kuma dokar ƴancin samun bayanai ta 2011, ko ni da nake riƙe alli zan iya rubuta takarda in nemi bayani balle zaɓaɓɓe.

Ɗan Keke: Yaya ni ina sonka amma bari in gaya maka gaskiya, baka ma isa wajen zaɓen ba tukun. Kuɗin fom, deliget, uban gida a jam'iyya, duk kana dasu? Zaɓen kansila ba INEC ke yi ba, PLASIEC ce, hukumar jiha. A Oktoba 2024 PDP mai mulkin jihar a lokacin ce ta ɗauke kujerun ciyaman 17 duka, kuma ba Filato kaɗai ba, kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ke kwashewa ko wace jam'iyya ce. Wanda aka ba tikiti daga sama kana ganin zai tsaya yana tambayar ciyaman rasit? Sannan mutanenmu, ranar da ka zama kansila da asuba zaka tarar da layi a ƙofar gidanka, wannan matarshi na asibiti za ai mata aiki, wannan kuɗin makaranta, wannan suna. Ka ce musu kazo da takardar lissafi ka ga ko zasu sake gaishe ka.

Hajiya Mai Shago: Ɗana Ɗan Keke kar ka yanke mana hukunci duka. Ni kuri'ata ba ta mudun shinkafa bace. Duk damina sai ruwa ya shigo min shago, kwatar da ta bi ta gabanmu ta cika da yashi da ledar fiya wata da robar lemo har ta yi daidai da titi, ciyawa ma ta fito a kai, in hadari ya haɗo daga wajen Naraguta ni da yarana mun fara ɗaga buhun sukari da katan ɗin taliya muna ɗorawa kan benci kenan. Bara buhun fulawa ya jiƙe min ƙasanshi ya dunƙule, haka na zubar. Kuma masu rasit basa fashi, wannan yazo yace kuɗin shago, gobe wani yazo da wata takarda mai wani kala yace na tsafta ne, ina biya, ban taɓa musu ba, amma ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa gaya min kuɗin ina yake zuwa. Ku da kuke yara a 2012 ku tambaya, a watan Yuli ruwa ya ɓalle daga dam ɗin Lamingo cikin dare ya bi ta Rikkos da Gangare da Angwan Rogo, sama da mutum 30 suka rasu, gidaje suka rushe, har da yara aka yi ta nema a bakin rafi. Wanda ya ga wannan ba zai ce maganar hanyar ruwa ƙaramar magana bace.

Injiniya: Hajiya Allah ya mayar da alheri. Sai dai a nan ina tare da Kawu ta wani ɓangaren. Kwashe shara a cikin garin Jos akwai PEPSA hukumar tsaftar muhalli, tsarin gine-gine da manyan tituna akwai JMDB hukumar raya birnin Jos, duka na jiha ne. Kar ƙaninmu ya yi alkawarin abinda ba a teburinshi yake ba, gobe a ce ya yi ƙarya.

Ɗan Takara: Yallaɓai Injiniya na yarda akwai haɗuwar aiki. Amma jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafo ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kwashe shara da magudanan ruwa da ƙananan tituna da kasuwanni da tashar mota da maƙabarta da banɗakin jama'a. Matsalarmu kenan, in ka je nan a ce na jiha ne, in ka je can a ce na ƙaramar hukuma ne, talaka ya gaji ya koma gida. Aikin kansila ya san ƙofar da za a buga, ya rubuta, ya karɓi kwafi mai hatimi, ya dawo ya nuna ma mutane ranar da ya kai da amsar da aka bashi ko rashinta. Kuma maganar Hajiya ita ce zuciyar abin, kuɗin rasit ɗin nan na cikin gida ne, ba daga Abuja yake zuwa ba, baya bi ta asusun haɗin gwiwa, shi ne ya fi sauƙin a tambayi nawa aka tara a kasuwa kaza a wata kaza. In an sa kwalbati a kasafi da kuɗinshi a rubuce kuma shekara ta ƙare ba kwalbati, wannan kowa zai iya zuwa ya gani da idonshi. Shiyasa nake cewa kwata da lissafi abu ɗaya ne.

Baba Mai Goro: Ni ban iya dogon rubutu ba jikana ke buga min. Wanda ya ga abinda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukuma na Nuwamba 2008 a garin nan yasan kujerar nan ta ci rayuka. In yau yaranmu suna gardama akan kwata da rasit ni na gode Allah. Maƙwabcina na bayan layi ba masallaci ɗaya muke ba, shi coci yake zuwa, amma ruwa ɗaya ke shiga gidajenmu, in yaron nan zai je ya nemi kuri'arshi da wannan maganar ina bayanshi.

Ɗan Keke: Baba Allah ya ja kwana, ba musu nake ba. Ni dai tsorona kar a hana shi tikiti tun a gida, ko ya shiga su mayar dashi saniyar ware, shi kaɗai cikin kansiloli ba zai hana kasafi wucewa ba, masu rinjaye ne ke yi.

Malama: Ba zai hana ba amma zai iya fitowa ya gaya mana abinda ke ciki da dalilin da yasa bai ɗaga hannu ba. Yanzu ko wannan bamu samu.

Kawu Ɗan Fansho: Toh naji. Har yanzu ina nan akan bakana cewa abinda ya fita zai yi maka wuyar samu fiye da yadda kake zato, na ga masu zafi da yawa sun shiga sun yi sanyi bayan an basu babur da alawus ɗin zama. Amma tunda kace na shigowa a fili yake, kar ka jira sai an zaɓe ka. Kawo mana na watanni ukun da suka wuce, ka fassara, ka kuma zaga layi layi ka rubuto kwatocin da suka toshe da inda bola ta tare hanya. In ka yi ni zan zauna da kai in nuna maka yadda ake karanta kasafi, shafin ayyuka da shafin albashi, da inda ake ɓoye abu a ƙarƙashin kuɗin gudanarwa.

Ɗan Takara: Na karɓa Kawu. Asabar bayan la'asar a harabar firamare in sha Allah, zan zo da takardun. Hajiya dan Allah ki taho da rasit ɗinki duka, sauran masu shago ma haka, mu jera su mu ga kala nawa ne da sunan wanda ke jiki.

Hajiya Mai Shago: Suna nan cikin gwangwanin madara na ajiye, zan zo dasu. A sa ma mata benci daban dan Allah don da yawa zasu zo.

Ɗan Keke: Ni zan ɗauko Baba, amma Yaya ka zo da amsar maganar tikitin nan ma, wace jam'iyya kuma waye zai tsaya maka, don zan sake tambaya a gaban kowa.