Magatakardan da ya ƙi sa hannu: gaskiya ce ko butulci?

Kawun yaro: Salamu alaikum 'yan ƙungiya. Yau raina a ɓace yake. Ɗan garin nan da Allah ya ɗaga ya zama magatakardan jami'a, na kai masa takardun ɗan yayata don ya sama masa gurbin karatu. Yaro ya ci JAMB, lissafi kaɗai ya kayar da shi a WAEC. Tun asuba na taso daga nan ƙasar Ringim, na zauna a benci har azahar. Da ya fito ya ba ni ruwa, ya tambayi jikin Inna, ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce: "Kawu, abin da zan hana ɗan wani ba zan sa wa naka hannu ba. Ya sake zana lissafin, ni zan biya." Wai ƙa'idarsa ke nan. In wannan ba butulci ba ne, mene ne?

Malamin firamare: Kawu, a yi haƙuri. Kwas ɗin da yaron ke nema sai da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Kuma tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS na bayar da guraben karatu ta intanet, duk gurbin da bai bi ta nan ba ba ta san da shi ba. Yaro zai iya gama karatu, a zo tafiya bautar ƙasa a nemi sunansa a rasa.

Gwaggon magatakarda: Ni duk ban ji wannan ba. Butulci ka ce? Butulu shi ne wanda aka yi wa rana ya yi wa mutane dare. Me ka taɓa yi masa?

Kawun yaro: Hajiya, ba ni kaɗai ba, gari ne ya yi masa. Da zai tafi jami'a ba karo-karo aka yi ba?

Gwaggon magatakarda: Wane karo-karo? Uwarsa ce ta yi ta suyar ƙuli-ƙuli, hannunta duk tabon mai. Tumakinta biyu a gabana aka ɗaure su aka kai kasuwa. Ku janye kalmar nan.

Mai shagon magani: An yi karo-karo, mahaifina ya faɗa min. 'Yan unguwar gabas ne dai kullum ba sa son a tuna.

Wani ɗalibi: Iyayena, don Allah ku saurara. A jami'o'in tarayya kashi 45 na guraben na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Jigawa na ciki. Ƙofarmu a buɗe take in takarda ta cika. Magatakarda ma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, akwai kwamiti.

Mai shagon magani: Yaro, ba lissafi muke ba. Ana maganar butulci ne. Ɗan'uwa rabin jiki. 'Yan wasu garuruwan in sun hau kujera cika ofis suke da nasu.

Malamin firamare: Shi ya sa muke kuka da su ai! Malam Aminu Kano har ya rasu a 1983 bai tara wa danginsa komai ba, gidansa na Gwammaja yanzu shi ne Mambayya, cibiyar Jami'ar Bayero. Wa ya kira shi butulu?

Kawun yaro: Kada ka haɗa min Malam da wannan. Kai dama ajinku ɗaya, dole ka kare shi.

Mai shagon magani: Tunda an zo maganar amana, ina kuɗin rijiyar burtsatse da muka tara bara? 'Yan gabas ne ke riƙe da asusun.

Gwaggon magatakarda: Ka tambayi ƙaninka, shi ya kawo mai haƙar da ya gudu.

Mai shagon magani: Hajiya, ina ganin girmanki. Kada a sa ƙanina a ciki.

Wani ɗalibi: To yaron fa? Rajistar jarrabawar masu zaman kansu ba ta jiran kowa.

Sakataren ƙungiya: Ya isa haka. Na karanta komai, kuma a ganina mafi yawanmu sun yarda magatakarda ya yi daidai. Na san shi tun muna kiwo tare, ko a lokacin ba ya barin awakinsu su shiga gonar wani. Mutumin da ya ce zai biya kuɗin jarrabawa daga aljihunsa bai cancanci wannan kalma ba, kuma ina roƙon Kawu ya janye ta. Batun karo-karo babu wanda ya kawo shaida, don haka na ajiye shi. Maganar rijiya kuma sai ranar Juma'a bayan an sauko, a ƙofar gidan mai unguwa, ma'aji ya zo da littafin asusu.

Kawun yaro: Wane mafi yawa? Ku huɗu ne, uku 'yan gabas. Ban janye ba.